Ina Baburan Faransa Suka Shiga?

Duk wanda ya yi wayo a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai kafin baburan Chaina su cika gari, ya san mobilet. Ka ɗora ta a kan ƙafarta ta tsakiya, ka hau, ka yi ta murza feda kamar mai tuƙa keke, tayar baya tana wulwulawa a iska, har injin ya yi tari sau biyu ya kama. Sai hayaƙi mai ɗan shuɗi ya biyo baya da ƙaurin fetur da aka gauraya da baƙin mai. Malaman makaranta sun hau ta, ma'aikatan gwamnati sun hau ta, mata ma sun hau ta ba tare da fargaba ba, don ba ta da giyar da za a canza. Har yau akwai tsohon bakaniken da in ka ambaci sunanta sai ya ajiye sifana ya gyara zama ya ba ka labari. Amma ka tambaye shi kamfanin da ya ƙera ta, da wuya ya ce maka Motobécane. In kuwa ka ce ya lissafo maka wasu baburan Faransa, daga Peugeot ya tsaya.

Ba laifinsa ba ne. Matasan Faransa da kansu yau Yamaha da Honda da BMW suke hawa. Abin da ke ci mini rai a wannan labari shi ne, ƙasar da ta raɗa wa babur sunan da rabin Turai ke kiransa da shi, ƙasar da ta nuna wa duniya inda ya kamata inji ya zauna a jikinsa, wadda a wani zamani ta tara ɗaruruwan kamfanonin babur, ta wayi gari cikin 'yan shekaru ba ta da babban babur ko ɗaya da za ta nuna. Ba rashin gwanaye ne ya jawo ba, ba kuma Japan ce ta kashe su ba kamar yadda ake yawan faɗa. Kafin Japan ta iso an riga an yi jana'iza.

A Faris aka fara

A 1897 wasu 'yan'uwa biyu, Michel da Eugène Werner, waɗanda suka taso daga Rasha suka zauna a Faris, suka ɗaura ƙaramin inji a saman tayar gaba ta keke, suka sa bel yana juya tayar. Suka kira abin Motocyclette. Sunan haja ne na kamfaninsu, amma ya fi ƙarfinsu ya zama sunan kowane babur a harshen Faransanci, har aka gajarta shi ya koma "moto" ɗin da ake ji a bakin mutanen Nijar yau. Wannan na farko yana da mugun hali: nauyi duk yana sama kuma a gaba, in hanya ta yi santsi sai ya kwashe ƙafar mahayi. A 1901 suka sauko da injin ƙasa, tsakanin tayoyin biyu, daidai inda feda take. Ka leƙa kowane babur da ke tashar 'yan acaɓa yau, a nan za ka ga injin. 'Yan'uwan ba su daɗe ba, Michel ya rasu a 1905, Eugène a 1908, kamfanin ya bi su.

A daidai wannan lokaci kamfanin De Dion-Bouton yana ƙera ƙaramin inji mai saurin juyawa wanda masu haɗa babura a ƙasashe da dama suka saya ko suka kwaikwaya. Ga abin da ya fi nuna matsayin Faransa a lokacin. Norton, sunan da Ingilishi ke tinƙaho da shi, babur ɗinsa na farko a 1902 injin Clément na Faransa ne a jikinsa. Da aka yi tseren babura na farko na tsibirin Man, da ke tsakanin Ingila da Ireland, a 1907, Rem Fowler ya ci rukunin masu silinda biyu a kan Norton, injin kuwa na Peugeot ne. Wato a farkon ƙarnin Ingila ce ke zuwa sayen inji a Faransa. Shekara ashirin bayan haka abin ya juye, kuma a wannan juyi ne ciwon ya fara.

Tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu kusan kowane babban gari yana da nasa. Lyon na da New-Map da Ultima, Saint-Étienne na da Automoto da Ravat, Grenoble na da Magnat-Debon, kewayen Faris kuwa ba a magana: Alcyon, Griffon, Dollar, René Gillet da sauransu. Da yawansu masu ƙera keke ne tun asali. Hanyar shiga sana'ar mai sauƙi ce: ka lanƙwasa bututun ƙarfe ka yi firam, ka sayo inji daga JAP ko Villiers na Ingila, ko MAG na Suwizalan, ko Chaise da Zurcher na cikin gida, ka sayo giya a wani wuri, ka fesa fenti, ka rubuta sunanka a tanki. Mu da muka saba ganin ana shigo da babur a kwali a ɗaure shi a shago a manna masa suna, mun san wannan tsari. Yana kawo yawan sunaye, amma ba ya kawo ƙarfi. Mai ɗaure babur ɗari biyu a shekara ba shi da kuɗin da zai zauna ya zana sabon inji, kuma ranar da mai sayar masa da inji ya rufe, shi ma ya rufe.

Cikin wannan taro akwai waɗanda suka yi tsayin daka, kuma su ne ya kamata a riƙa tunawa.

Terrot na garin Dijon shi ne babba. Asalinsa ba babur ba ne, injin saƙa ne. Charles Terrot ya fara sana'ar a Cannstatt ta Jamus, ya buɗe reshe a Dijon a 1887, daga saƙa aka shiga keke, daga keke aka shiga babur a 1902. Wannan alaƙa da Jamus ta sa gwamnati ta ƙwace kamfanin lokacin yaƙin duniya na farko, daga baya aka sayar wa 'yan kasuwar Faransa. A hannunsu ya bunƙasa, ya haɗiye Magnat-Debon, ya fara ƙera injinansa da kansa, kuma a 1929 ya fitar da babur na 100,000. Shekaru da dama ba wanda ya kai shi a ƙasar.

Monet-Goyon na garin Mâcon labarinsa ya fi taɓa zuciya. An kafa shi a 1917, yaƙi na tsaka da ci, samari na komowa gida ba ƙafa. Joseph Monet injiniya ne, Adrien Goyon mai jari. Abin da suka fara ƙerawa keken guragu ne mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, don sojojin da suka nakasa su iya fita su nemi abinci. Daga nan suka ɗora wa keken ƙaramin inji, daga nan suka shiga babur sosai da injin Villiers da suka sami izinin ƙerawa a gida. A 1929 suka sayi Koehler-Escoffier na Lyon, ƙaramin kamfani mai ƙera babura na gudu, wanda ya yi wani mai 1000cc da silinda biyu a tsaye kamar harafin V da salansa huɗu. Da irin wannan inji ne Georges Monneret, zakaran mahayan Faransa na zamaninsa, ya yi tashe a shekarun 1930.

Sai Gnome et Rhône, wanda a ganina shi ne ya fi kowa kusantar abin da BMW ya zama. Kamfanin injin jirgin sama ne, injinansa sun ɗaga jiragen yaƙin duniya na farko bila adadin. Da aka yi sulhu odar soja ta tsaya, sai ya nemi abin da zai ba ma'aikatansa, ya karɓi izinin ƙera babur ɗin ABC na Ingila a 1920, kafin ya koma zana nasa. A shekarun 1930 ya fito da manyan babura masu silinda biyu a kwance, ɗaya na kallon dama ɗaya hagu, firam ɗin na farantin ƙarfe da aka matse, ba sarƙa, sandar ƙarfe ce ke kai ƙarfin inji zuwa tayar baya. A 1939 wata tawagar mahaya ta ɗauki samfurin X mai 750cc ta yi ta zagaye filin tsere na Montlhéry, kusa da Faris, dare da rana, ana karɓa-karɓa, har kilomita 50,000 cikin kwana 19. Na soja kuwa, AX2 mai 800cc, yana da kujerar gefe wadda ita ma tayarta inji ke ja, don ya fita daga taɓo. Da Jamus ta mamaye Faransa masana'antar ta yi mata aiki, saboda haka a 1945 gwamnati ta karɓe kamfanin ta narkar da shi cikin SNECMA, kamfanin gwamnati mai ƙera injin jirgin sama. Sabbin masu gida hankalinsu na kan injin jirgi. Aka bar sashen babur da ƙananan injina har ya mutu a 1959. Ɓangaren jirgin kuwa yana nan da ransa, shi ne yau ke cikin rukunin Safran.

Akwai kuma waɗanda ba su sayar da yawa ba amma sun yi tunanin da ya riga zamaninsu. Georges Roy ya fito da Majestic a 1929. In ka gan shi daga nesa sai ka ce ƙaramar motar tsere ce aka tsaga biyu: doguwar gangar jiki ta ƙarfe ta lulluɓe inji da giya tun daga gaba har baya, da tsage-tsagen shan iska a gefe kamar na bonet. Tayar gaba ba ta tsakanin ƙarafan nan biyu da muka saba gani, a cikin cibiyar tayar ne ake juya ta, dabarar da sai bayan shekara hamsin manyan kamfanoni suka dawo suna gwadawa. Kimanin ɗari aka yi. A ƙauyen Corbelin kuma Marcel Guiguet ya ƙera MGC, wanda ya zuba tankin mai da ƙashin bayan firam a dunƙule guda na alminiyom, a lokacin da kowa ke walda da bututu. Waɗannan biyu sun fito ne daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, ba mai kuɗin sayen abin burgewa.

Yadda ƙaramin ya cinye babban

Dokar hanya ta Faransa ta daɗe tana yi wa ƙaramin babur gata. Tun kafin yaƙin duniya na biyu akwai rukunin keke mai injin taimako: kada inji ya wuce 100cc, kada nauyi ya wuce kilo 30, kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa, kuma dole a bar masa feda. In ya cika waɗannan sharuɗɗa ba ruwanka da lasisi. Daga baya aka sake fasalin dokar, mai ƙasa da 50cc ya zama abin da ɗan shekara 14 zai hau ba takarda. Kamfani kuwa inda kasuwa take nan yake zuba ƙarfinsa.

Biyu ne suka fi kowa cin wannan gajiya. Na farko VéloSoleX, wanda Maurice Goudard da Marcel Mennesson, masu kamfanin kafireta na Solex, suka fara sayarwa a 1946. Baƙin keke ne da ɗan inji zaune a kan tayar gaba, wato sun koma inda 'yan Werner suka baro. Ba bel, ba sarƙar inji, ba giya. Wani ɗan dunƙulen dutse mai kaushi ne ke fitowa daga ƙarƙashin injin. Akwai mariƙi a gaban mahayi, in ka sake shi injin ya sauko dutsen ya danne taya, ka taka feda kaɗan ya tashi. In mai ya ƙare ka ɗage injin ka ci gaba da tafiya a matsayin keke. Gudunsa bai cika wuce kilomita 30 zuwa 35 a awa ba, ranar ruwan sama dutsen kan yi santsi a kan taya, amma lita ɗaya da 'yan kai na kai mutum kusan kilomita ɗari. An sayar da fiye da miliyan 7 kafin a daina yinsa a Faransa a 1988.

Na biyu ita ce tamu. Charles Benoît da Abel Bardin sun kafa Motobécane a Pantin, bakin Faris, a 1923. Sunan ma na kan titi ne, domin "bécane" kalmar da talakawa ke kiran keke da ita ce. Sun yi manyan babura kafin yaƙin duniya na biyu, har masu silinda huɗu, amma abin da ya sauya musu rayuwa shi ne Mobylette ta 1949. Wanda ya taɓa tsugunawa kusa da shuɗiyar Mobylette ɗin nan samfurin AV88 ana murza mata totur ya ga abin mamaki: injin gaba ɗayansa yana lilo, yana matsawa baya yana dawowa. Ba kwancewa ya yi ba, haka aka yi shi. Bel ɗin yana hawa yana sauka a tsakanin faifai biyu gwargwadon gudun inji, shi kuma injin yana motsawa don bel ya ci gaba da ɗamewa. Wannan ita ce giyar, ba ruwan mahayi. An yi Mobylette kusan miliyan 14, a shekarun 1970 ana fitar da kimanin 750,000 a shekara guda. Ita da ƙananan Peugeot suka bazu a ƙasashen Afirka rainon Faransa, har aka daɗe ana haɗa na Peugeot a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso.

Yayin da ƙananan ke wannan bunƙasa, matsakaita da manya suka shiga tsaka mai wuya, kuma masifun sun zo musu ne a tare. Renault 4CV ta shiga kasuwa a 1947, Citroën 2CV ta bayyana a 1948. Magidancin da a da yake goya matarsa a baya ya sa yara a kujerar gefe, yanzu da ɗan ƙarin kuɗi zai sami rufi a kansa. Masu son tsafta a cikin gari suka koma Vespa da Lambretta na Italiya, waɗanda ake ƙerawa a cikin Faransa da izini, Vespa a Fourchambault, Lambretta a Troyes. Sai yaƙin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, ya kwashe samari 'yan shekara ashirin, wasu fiye da shekara biyu suna bakin daga. Su ne masu sayen 125cc da 175cc. Saurayin da ya san za a kira shi soja ba ya cin bashin babur, in ya dawo kuma aure da mota ke gabansa. A 1958 aka ɗora lasisi a kan masu 125cc, aka kuma kafa dokar tilasta inshora.

Kamfanin da ke da ajiya zai iya jure shekara biyar na irin wannan. Waɗannan ba su da ita, don sun yi yawa, kowanne ɗan ƙarami, kuma da dama ba su da injin kansu, na kamfanin AMC ko Ydral suke saya. Suka riƙa zubewa kamar ganyen kaka. Jonghi da René Gillet ba su ga 1960 ba. Monet-Goyon ya rufe a 1959. Peugeot ya haɗiye Terrot a ƙarshen shekarun 1950, zuwa 1961 an daina ƙera babur a Dijon, masana'antar ta koma yin kayan mota. Ratier, wanda ya gaji aikin haɗa babura irin na BMW daga kayan da sojojin Jamus suka bari, har ya kai baburansa ne ke rakiyar Shugaba de Gaulle, ya tsaya a 1962, jami'an tsaro suka koma sayen BMW na asali.

Shi ya sa na ce Japan ba ta kashe kowa ba. Lokacin da sha'awar babban babur ta dawo a ƙarshen shekarun 1960, wannan karon don nishaɗi ba don zuwa aiki ba, fili ta tarar. A 1969 aka dawo da tseren awa 24 na Bol d'Or a Montlhéry, samari biyu Faransawa, Michel Rougerie da Daniel Urdich, suka ci. A kan Honda CB750 suka ci.

Ƙoƙarin tashi

Sau uku aka yunƙura da gaske. Motobécane, wanda shi kaɗai ke da kuɗin yi, ya fito da mai 350cc da silinda uku a farkon shekarun 1970. Babur ne mai kyau, amma ya zo a makare, ya fi na Japan tsada, ga rikicin man fetur na 1973. Bai kai dubu ɗaya ba aka daina. Da kasuwar mobilet ta fara ja da baya kamfanin ba shi da wani abin dogaro, ya durƙushe a farkon shekarun 1980, aka sake masa suna MBK, Yamaha ta karɓi ragamarsa a 1986.

Yunƙuri na biyu BFG ne, haruffan farko na sunayen mutum uku: Louis Boccardo, Dominique Favario da Thierry Grange. Tunaninsu yana da ma'ana. Tunda zana sabon inji shi ne abu mafi cin kuɗi, me zai hana a ɗauko na mota wanda kowane gareji a ƙasar ya san shi kuma yake da kayan gyaransa? Suka ɗauko injin Citroën GS mai 1300cc, silinda huɗu a kwance mai shan iska, suka gina babur a kansa, aka fara fitarwa a 1982 kusa da Chambéry. Injin ba ya gajiya, amma babur ɗin ya yi nauyi, kuma babbar odar gwamnati da suka sa rai a kai ba ta zo yadda suke fata ba. 'Yan ɗaruruwa aka yi.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni takaici, domin ya kusa. A 1995 ɗan kasuwa Jacques Gardette ya kafa Voxan a garin Issoire da niyyar yin babur na Faransa tun daga inji har firam. Kamfanin Sodemo, masu injin motocin tsere, suka zana inji mai 996cc da silinda biyu a siffar V. Alain Chevallier, wanda baburansa suka ci manyan tsere na duniya, ya zana firam. Roadster ya fito a 1999, Café Racer da Scrambler suka biyo. Waɗanda suka hau sun yaba yadda yake kwanciya a kwana. Amma ƙera babur mai kyau rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne dillali a kowane gari, da bakaniken da ya san injin, da kayan gyara da za su iso cikin mako ba cikin wata uku ba. Ɗan acaɓa ya fi kowa fahimtar wannan: ba ya sayen mashin ɗin da zai kwana a gareji ana jiran fistan. Ƙari a kan haka, daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa 2016 dokar Faransa ta hana babur wuce ƙarfin doki 100, Voxan kuma an auna shi ne da wannan ma'auni, alhali a sauran kasuwannin Turai abokan hamayya na sayar da waɗanda suka fi haka. Kamfanin ya faɗi, aka tashe shi da sabon mai jari a 2002, ya sake faɗuwa a ƙarshen 2009. Venturi, kamfanin motocin lantarki na Monako, ya sayi sunan a 2010 ya mayar da shi na lantarki. A 2021 Max Biaggi, zakaran tseren babur ɗan Italiya, ya hau Voxan Wattman a kan titin saukar kumbo na cibiyar Kennedy a Amurka ya kafa tarihin gudun babur na lantarki, kusan kilomita 456 a awa. Abin a yaba ne, sai dai ba babur ba ne da wani zai shiga shago ya saya, kuma ma'aikatan Issoire ba su cikin wannan murna.

Waɗanda ke numfashi yau sun koyi kauce wa babbar kasuwa. Mafi lafiya a cikinsu shi ne Sherco, wanda Marc Teissier ya kafa a 1998. Ya fara da baburan hawan duwatsu a kusa da Barselona ta Sifaniya, sunan ma haɗi ne na Sherpa da Bultaco, tsohon samfuri da tsohon kamfanin Sifaniya a wannan fanni. Daga baya ya kafa masana'anta a Nîmes inda yake ƙera baburan daji da injinansa na kansa. Bai ce zai yi takara da Honda a kan kwalta ba. Ya zaɓi lungun da masu saye 'yan wasa ne, sun san abin da suke so, kuma nasara a gasa ita ce talla. Ya ci kambun duniya a tseren daji da na hawan duwatsu, ya haɗiye Scorpa a 2009, ya kuma yi shekaru yana shiga gasar Dakar da haɗin gwiwar TVS na Indiya, wanda muka sani da babura da Keke Napep a titunanmu.

Sauran kowa da irin tasa hanyar, kuma a nan ne tambayar mene ne "babur na Faransa" take rikicewa. Brough Superior suna ne na Ingila tsantsa, na George Brough na Nottingham, irinsa ne T. E. Lawrence, hafsan sojan Birtaniya da ya yi suna a ƙasashen Larabawa, ya yi hatsarin da ya yi ajalinsa a kai a 1935. Amma sabon Brough da ake sayarwa yau, a kusa da Toulouse ake ƙera shi da hannu, ƙarƙashin Thierry Henriette. Mash kuwa akasin haka ne: sunan da zanen daga garin Beaune na Faransa suke, ƙirar kuwa a Chaina ake yi, shi ya sa yake da araha. Midual na Olivier Midy a yankin Angers na Faransa ne ciki da waje, jikinsa dunƙulen alminiyom da ake gogewa da hannu, kamar jikan MGC, amma kuɗinsa ya haura yuro 100,000, 'yan ƙalilan ake yi. Lazareth na Annecy ya taɓa ɗora injin Maserati mai silinda takwas a kan abin hawa mai siffar babur. Peugeot ɗin babur, wanda ya fara tun 1898, yana nan a Mandeure, sai dai ya bar hannun masu motar: Mahindra na Indiya ya sayi kashi 51 cikin ɗari a 2015, ya cike sauran a 2019, sannan kamfanin zuba jari na Jamus, Mutares, ya karɓi jagoranci a 2023.

Inda ake ƙera babura da yawa a Faransa yau shi ne Saint-Quentin, a arewacin ƙasar, wato tsohuwar masana'antar Motobécane inda shuɗiyar mobilet ta fito. Yamaha ba ta rufe ta ba, ta zuba jari ta riƙe ma'aikata. Cikin abin da suke haɗawa don kasuwar Turai akwai Ténéré 700. Sunan ya samo asali ne daga gasar Faris zuwa Dakar da Thierry Sabine ya ƙirƙiro, wadda zagayenta na farko ya tashi a ƙarshen Disambar 1978, ya ratsa Agadas da Yamai, Cyril Neveu ya ci a kan Yamaha XT500. A 1983 Yamaha ta sa wa babur ɗinta mai babban tanki sunan hamadar Tenere ta arewa maso gabashin Nijar, kuma shi ne sunan da ma'aikatan Saint-Quentin ke mannawa a jikin tanki yanzu.